Yadda Ake Haska Lemu da Hasken UV Domin Ya Kare Kansa Daga Funfuna

Koriyar funfunar da ke ruɓar da lemu bayan girbi, wadda masana ke kira Penicillium digitatum, tana shiga ne ta raunin da ɓawo ya samu wajen tsinka ko lodi, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin rage ta shi ne sa lemun ya haɗa maganinsa da kansa. Irin wannan magani da tsiro ke ƙerawa sai an taɓa shi ana kiransa fitoaleksin, sunan da Müller da Börger suka raɗa a Jamus a 1940, lokacin da suke nazarin cutar dankalin Turawa.

Da farko ana tsince lemun da bai fara ruɓa ba, a wanke shi, a bar shi ya tsane, sannan a jera shi ƙarƙashin fitilar da ke fitar da hasken UV-C. Wannan haske ne da ido ba ya gani, mai gajeren zango na kusan nanomita 254, kuma wanda rana ke fitarwa ba ya isowa ƙasa domin iskar ozon ta sararin sama tana shanye shi, saboda haka ɓawon bai saba da shi ba. Ana jujjuya 'ya'yan domin hasken ba ya ratsa nama, inda ya sauka kaɗai yake aiki, kuma dole mai aikin ya rufe idonsa da fatarsa.

Auna yawan hasken shi ne inda gwanintar take, domin idan ya yi kaɗan ɓawon ba ya motsawa, idan kuma ya zarce sai ya ƙone, ya yi dabbare-dabbare, har funfunar ta sami ƙofa. Gwargwadon da ya dace yana ji wa ƙwayoyin saman ɓawo ɗan rauni ne kawai, wanda ke tayar da wani enzayim mai suna PAL, wato furotin da ke gaggauta sarrafa sinadarin fenilalanin, kuma daga wannan sarƙa ne ake samun sukoparon, fitoaleksin ɗin lemu, mai hana irin funfuna tsirowa.

Daga nan sai a ajiye lemun a jira, kuma jiran nan ne aka fi rainawa alhali da shi aikin ke kammala, tunda sukoparon ba ya taruwa sai bayan kwanaki. Rodov da Ben-Yehoshua da abokan aikinsu na Cibiyar Volcani a Isra'ila sun nuna a 1992 cewa 'ya'yan da aka haska kafin a sa musu funfuna sun fi jure ruɓa. Sai dai sinadarin yana raguwa bayan ya kai ƙololuwa, don haka ana haɗa hasken da ajiya a wuri mai sanyi idan lemun zai daɗe kafin ya kai kasuwa.