BABI NA TARA: FASAHAR TSINTATTUN KAYA DA AYYUKAN IBRAHIM MAHAMA

9.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi nazarin wani reshe na fasahar zamani, wato zanen gwaji da kuma haɗa aikin fasaha da tsintattun kaya. An ɗauki ayyukan Ibrahim Mahama, mutumin Tamale ta arewacin Gana, a matsayin misali, sa'annan a dubi yadda malamin Hausa zai amfana da darasin a yankin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Manufa ita ce ɗalibi ya gane cewa tsohon abu yana ɗauke da tarihin mutanen da suka yi amfani da shi, kuma ana iya karanta wannan tarihi kamar yadda ake karanta rubutu.

9.1 Ma'anar Kalmomi

Kalmar tsintattu jam'i ce ta tsintacce, kuma ta samo asali daga aikatau tsinta, wanda daga gare shi ne aka sami tsintuwa. Tsintattun kaya a wannan darasi su ne abubuwan da aka ƙera domin wata buƙata ta yau da kullum, kamar buhu ko jarka ko kujera, suka tsufa aka yar ko aka jingine, sa'annan mai fasaha ya ɗauko su ya ba su sabon matsayi. A Turai akan danganta farkon wannan salo ga Marcel Duchamp, wanda a shekarar 1913 ya kafa ƙafar keke a kan kujera a birnin Faris.

Zanen gwaji kuwa shi ne zanen da mai shi ya kauce wa hanyar da aka saba, ta shafa fenti da buroshi a kan ƙyalle, ya jarraba wasu kayan aiki ko wata dabara. Asali yana nufin abin da ke nuna ko wane ne mutum, kamar harshensa da garinsa da sana'arsa da suturarsa. Juriya kuma ita ce ci gaba da rayuwa da neman halali duk da tsanani.

9.2 Tushen Abin a Ƙasar Hausa

Bahaushe bai jira Turai ba kafin ya san darajar abin da aka yar. Da gwangwanin madara ake yin fitilar aci-balbal, da tsohuwar taya ake yanka takalma da guga, maƙeran fari kuma suna narkar da tarkacen gwangwani su zuba tukwane da ludaya. Yara ma sukan ƙera mota da gwangwani da kara, su yanka mata ƙafafu daga tsohon silifa. Sai dai akwai bambanci. Maƙeri yana canza abu ne domin a sake amfani da shi, har ya ɓatar da kamanninsa na farko. Mai fasahar zamani kuwa yakan bar tabo da tsatsa da faci a bayyane, domin su ne saƙon da yake son mai kallo ya gani.

Ta fuskar ilimin boko, Zariya ce cibiyar wannan tunani a Nijeriya. A shekarar 1958 wasu ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suna kira da a gwama dabarun Turai da fasahar gida maimakon kwaikwayo tsantsa. Daga baya Gani Odutokun, malamin zane a jami'ar wanda ya rasu a haɗarin mota a 1995, ya shahara da tsinka fenti ya kwarara shi a kan ƙyalle, ya bar shi ya bi hanyarsa. Wannan kyakkyawan misali ne na zanen gwaji.

9.3 Ibrahim Mahama da Buhunansa

An haifi Ibrahim Mahama a Tamale a shekarar 1987. Ya karanci zane a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, inda ya sami digiri na farko a 2010 da na biyu a 2013. Tun yana ɗalibi ya koma ga buhun algarara, wato buhun da ake saƙawa da zaren wani tsiro dangin lalo. Ana saƙa waɗannan buhuna a Indiya da Bangaladash, a shigo da su Gana domin zuba koko. Bayan an gama da su a harkar koko sai su faɗa hannun masu masara da shinkafa, daga ƙarshe su ƙare a wurin masu gawayi. Kowane hannu yana barin shaida: tambarin hukuma, sunan ɗan kasuwa da aka rubuta da fenti, baƙin gawayi, da ɗinkin da aka yi wa ɓaraka.

Mahama yakan ba 'yan kasuwa sababbin buhuna ya karɓi tsofaffi, sa'annan ya tara mutane su ɗinke su wuri ɗaya su zama ƙaton mayafi da ake lulluɓe gini da shi. Da yawa daga masu ɗinkin 'yan ci-rani ne daga arewacin Gana, cikinsu har da mata 'yan dako da ake kira kayayei. Ɗalibin harshe zai lura cewa kashin farko na wannan kalma, wato kaya, Hausa ce, na biyun kuma daga harshen Ga yake, ma'anarsa mata. Wannan shaida ce ta daɗewar fatauci da zaman zango na Hausawa a ƙasar.

A shekarar 2015 Okwui Enwezor, ɗan Nijeriya kuma ɗan Afirka na farko da ya jagoranci babban baje kolin fasaha na birnin Venis a Italiya, ya gayyaci Mahama, shi kuma ya lulluɓe bangayen wani dogon lungu da buhunansa. A 2019 a birnin Mancesta na Ingila ya jera tsofaffin kujerun jirgin ƙasa na Gana guda 120 a siffar zauren majalisa, ya ba aikin sunan da ke nufin majalisar fatalwa. A 2024 kuma ya rufe wani ɓangare na ginin Barbican a Landan da saƙaƙƙen ƙyalle mai faɗin kimanin murabba'in mita 2,000, wanda aka ɗinka a filin wasa na Tamale aka manna masa tsofaffin rigunan saƙi da ake kira batakari. Bugu da ƙari, ya mayar da abin da ya samu gida, ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale a 2019, ya kuma sayo tsofaffin jiragen sama ya mayar da su azuzuwan yara.

9.4 Jigon Asali da Juriya

Asali a ayyukan Mahama yana cikin kayan da kansu. Ba ya zana fuskar ɗan dako, amma sunan da ke jikin buhu da gumin da ya jiƙa shi sun isa su nuna cewa akwai mutane a bayan dukiyar da ake fitarwa waje. Idan aka lulluɓe ginin alfarma da buhun gawayi, an tilasta wa masu hali ke nan su dubi wahalar waɗanda ba a saba gani ba. Juriya kuwa tana cikin faci. Buhun da ya yage aka ɗinke, ya sake yagewa aka sake ɗinkewa, kamar talaka ne da ya sha faɗuwa yana tashi. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma a nan tsufan kayan ne ya ba aikin ƙarfinsa.

Akwai tambayar da ɗalibai kan yi game da addini, ganin cewa maganar malamai a kan sassaƙa ta shafi surar abu mai rai. Ya kamata a lura cewa ayyukan da aka ambata a sama ba su ƙunshi irin wannan sura ba. Ta wannan fuska sun yi kusa da dagin da ake yi a bangon soro da zayyanar allo da aikin hula.

9.5 Matakan Nazari da Misalai daga Arewacin Zamfara

Mai nazarin irin wannan aiki zai yi wa kansa tambayoyi huɗu: Mene ne wannan abu, kuma don me aka ƙera shi? Ta hannun su wa ya biyo? Wace alama rayuwa ta bari a jikinsa? Me ya canza da aka ɗauke shi daga muhallinsa aka ajiye a nan?

Idan aka ɗauki buhu da layin dogo, Ƙaura Namoda tana da labari irin na Gana. Layin da ya taso daga Zariya ta Gusau ya iso garin a 1929, kuma nan ne ƙarshensa. Ta nan aka riƙa kwasar gyaɗa da auduga zuwa bakin teku, a cikin irin buhunan da aka gina dalar gyaɗa da su a Kano. Tsohon ma'auni ko buhu mai tambari daga wancan zamani zai iya buɗe darasi a kan noma da mulkin mallaka.

Misali na biyu shi ne jarka. A da abin ɗibar ruwa ce da zuba man gyaɗa. A shekarar 2021, sakamakon ta'addancin 'yan bindiga, gwamnatin Jihar Zamfara ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya. Daga nan jarka ta ɗauki sabuwar ma'ana ga mutumin Shinkafi, wanda rayuwarsa ta rataya a kan kasuwa. Haka kuma tabarma da kwano da ɗaurin kaya suna da wata ma'ana ta daban ga iyalin da suka baro ƙauyensu a ƙasar Zurmi suka fake a makaranta ko gidan dangi. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani a ilimin ma'ana, cewa kalma takan faɗaɗa ko ta canza ma'ana gwargwadon halin da masu ita suka shiga.

Malamin da zai koyar a wannan yanki zai tarar da yaran da suka ga abin da bakinsu ba zai iya faɗa ba, a makarantar da ba ta da fenti ko takardar zane. Yana iya sa kowane yaro ya kawo tsohon abu ɗaya daga gida da izinin iyayensa, ya faɗi sunansa da tarihinsa, a haɗa su a bangon aji, sa'annan a rubuta insha'i a kai. Wajibi ne a kiyaye abubuwa uku: kada a tura yara daji ko kufai neman kaya, kada a taɓa kwanson harsashi ko wani abu mai haɗari, kuma kada a tilasta wa yaro ba da labarin da ba ya so.

9.6 Kammalawa

A wannan babi an bayyana ma'anar zanen gwaji da tsintattun kaya, an nuna tushensu a sana'o'in Hausawa da makarantar Zariya, an kuma yi nazarin yadda Ibrahim Mahama ya bayyana asali da juriya ta hanyar buhu da kujera da riga. An kuma ga cewa kayan irin wannan nazari suna nan a gidajenmu da kasuwanninmu.

9.7 Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin aikin maƙerin aci-balbal da na mai fasahar tsintattun kaya.
2. Bi sawun buhun algarara tun daga inda aka saƙa shi har zuwa hannun Mahama.
3. Yi sharhi a kan kalmar kayayei ta fuskar aron kalmomi.
4. Jinga: Zaɓi tsohon abu ɗaya a gidanku, ka yi masa tambayoyin nan huɗu, ka rubuta amsar a shafi biyu.