Yayan Jaririya Ya Koma Jariri: In Tura Shi Maraɗi?

TAMBAYA

 Ni 'yar Maraɗi ce, aure ya kawo ni Libreville shekara huɗu ke nan, muna haya a Akebe, ciki da falo. Ina da yaro ɗan shekara biyu da wata biyar, sai kuma jaririya mai kwana 49. Tun da muka dawo daga asibiti yaron nan ya canza mini. Da ya daina fitsarin kwance, yanzu ya koma. In na ɗauki yarinya zan ba ta nono sai ya faɗi yana birgima, wai shi ma sai ya sha, alhali wata tara ke nan da yaye shi. Shekaranjiya na fito daga wanka na tarar yana tura mata burodi a baki. Na dake shi, sannan na zauna ina kuka. Mai gidan yana shago a kasuwar Mont-Bouët, tun safe sai bayan isha'i. Hajiyarsu ta ce a kai mata yaron Maraɗi in huta, shi ma mai gidan ya karkata can. Zuciyata ta kasu biyu. Me kika gani?

Uwar biyu, Akebe, Libreville

AMSA

 Barka da arziki, Allah Ya raya, Ya ba ki lafiyar shayarwa.

Bari in fara da burodin, don na ga shi ya fi tsaya miki a rai. Yaron da bai cika shekara biyu da rabi ba bai san jaririya ba ta da haƙori ba, bai san shaƙewa ba, balle mutuwa. Abin da idonsa ya nuna masa tsawon mako bakwai shi ne, duk sanda baƙuwar nan ta buɗe baki sai a sa mata wani abu ta yi shiru. Ta yi kuka, kina banɗaki, ga burodi a hannunsa. Wataƙila ciyar da ita ya tashi yi, wataƙila kuma da ɗan haushi a ciki. Ko wanne ne, hukuncin ɗaya ne, kuma a kanki yake ba a kansa ba: kada ki sake barin su su biyu a ɗaki, ko na minti ɗaya. In za ki wanka, ko ki shiga da shi ki ba shi ɗan kofi ya yi ta wasan ruwa a gabanki, ko ki bari sai ya yi barci, ko ki miƙa jaririyar maƙwabta. Kuma tunda zancen ruwa ya shigo, duk bokiti ko robar da kike tara ruwa a ciki saboda ɗaukewar famfo a rufe ta da murfi mai nauyi. Yaro mai irin shekarunsa kansa ya fi jikinsa rinjaye, in ya leƙa ya kifa ba ya iya fitowa, ba kuma za ki ji motsinsa ba.

Yanzu ki zauna mu yi lissafin abin da yaron nan ya rasa. In ƙidayata ta yi daidai, yana wajen wata 20 kika yaye shi, wato lokacin da kika gane kina da ciki. Nono ya tafi ke nan. Da ciki ya tsufa, goyo ya gagara, bayanki ya tafi. Sai wata rana kika ɓace masa, kika dawo da wata halitta a hannu, aka matsar da shi daga gefenki a gado, baƙi suka cika falo ranar suna kowa yana wuce shi yana leƙa zani. Cikin wata tara an karɓe masa nono da baya da makwanci, ba wanda ya yi shawara da shi. Babba ma aka yi wa haka sai an ji kansa. Shi kuwa ba shi da kalmomin kai ƙara, sai ya duba ya ga wace ce ke samun uwa a gidan nan: mai kuka, mai jiƙa shimfiɗa, mai shan nono. Sai ya ce to ni ma haka zan zama. Dabara ce, irin ta mai wata 29 a duniya. Ga yawancin yara takan lafa cikin 'yan makonni ko 'yan watanni, in dai ba a mayar da ita abin faɗa kullum ba.

Sai maganar Hajiya. Ba zan ce ta yi kuskure ba, don abin da ta sani ta faɗa, kuma a inda ta san shi yana aiki. A gida, ranar yaye akan ɗauki yaro a kai wa kaka ya yi kwanaki, mai jego kuma tana da uwa ko gwaggo da ke dafa mata ruwan wanka, ga 'yanmatan gida masu rububin goyo, ga tsakar gida cike da yara. Yayan jariri bai cika jin zafin saukarsa daga baya ba, saboda da an sauke shi wani bayan ne ke karɓarsa. Amma ki lura da abu biyu. Kakar da ake kai masa, ya san ta, yana ganinta kusan kullum. Gidanta kuma bayan layi ne, ko ƙauyen da ake zuwa a dawo a yini. Naki yaron a Libreville aka haife shi, muryar Hajiya a waya kawai ya sani. Tsakaninku da Maraɗi akwai Kamaru da Najeriya, ko a jirgi da kuɗi masu nauyi, ko kwana da kwanaki a mota ta Oyem da Bitam. Wanda aka kai can ba zancen ya yi sati biyu a dawo da shi ba ne, shekara za a yi ana cewa sai bayan Salla. Kuma a idonsa, labarin zai zama: baƙuwa ta zo, aka kore ni. Don haka ra'ayina, kada a kai shi yanzu. Abin da ya yi ƙaranci a gidanki hannuwa ne, to a ƙaro hannu, kada a rage yaro.

Ina za a samo hannu a garin da kowa ke ta kansa? Na san Libreville ba Maraɗi ba ce, gari ne mai tsada, kusan duk abin da za a sa a tukunya daga waje ake shigo da shi, kuma ɗaukar mai aiki ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba ke kaɗai ce Bahaushiya a Akebe ba. Hausawa sun daɗe a Gabon, tun zamanin Turawan mulkin mallaka 'yan kasuwarmu suka sauko ta Kamaru suka zauna a arewacin ƙasar, ga kuma 'yan Nijar da 'yan Najeriya da suka biyo baya. Matan da suka zo miki barka, wace ce a cikinsu ke da yaro sa'an naki? Ki cire kunya ki ce mata, ki riƙe mini shi Litinin da Laraba da hantsi, in na yi ƙarfi in riƙe miki naki. Maƙwabciyarki ma, ko 'yar Gabon ce ko 'yar Mali ko 'yar Benin, in kin yarda da tsabtarta da halinta, awa guda a wurinta ba zai canza wa ɗanki addini ba. Mu kan zauna da mutum shekara huɗu ƙofa da ƙofa, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, sannan mu ce ba mu da kowa.

Hannu na farko dai yana cikin gidan. Ki karanta wa mai gidan wannan sakin layin, da sallamata. Alhaji, na san kasuwa ba ta jira, amma yaron nan yanzu ne ya fi buƙatarka. Wankansa na safe kafin ka fita ya zama naka. In ka dawo, kafin ka leƙa jaririya ka fara ɗaga shi sama. Ran Juma'a ka sa masa 'yar hularsa ka riƙe hannunsa zuwa masallaci, ko na unguwa ko babban na Hassan II, ran Lahadi da yamma in kasuwa ta yi sanyi ka kai shi bakin teku ya ga jiragen ruwa, hannunsa cikin naka. Yaron da ya rasa bayan uwa ya samu kafaɗar uba ba ya jin an yi masa fashi.

Ke kuma ga naki. Kafin ki zauna shayarwa, ki tanadi abin da zai ci da abin da zai yi, ki zaunar da shi jikinki, hannu ɗaya na riƙe da ita ɗaya na kansa, ki yi masa tatsuniya. In ya ce sai ya sha, kada ki yi masa dariya, kada ki ce "ba ka jin kunya, ƙato da kai". Ki ce wannan na mai babu haƙori ne, kai ga naka a kofi. Ki ba shi muƙami: shi ne mai miƙo famfas, mai riƙe kwalbar mai, mai zaɓar rigar da za a sa mata. Wani lokaci in ta ɗan motsa alhali kina ba shi abinci, ki ce da ƙarfi yadda zai ji, "ki dakata, ina tare da yayanki". Ita ba ta san me kika ce ba, shi kuwa zai riƙe shi har dare. Sannan ki ware masa ko minti goma sha biyar kullum in ta yi barci, ki ajiye waya, ki bar wanke-wanke, ki ɗauko zani ki goya shi in ya so. Ni da nawa na biyu ya zo, goyon minti goma da la'asar ya kashe rigimar da tsawa ta kasa kashewa wata guda. In ya kai mata hannu, ki riƙe hannun, ki dube shi ki ce "ba a dukanta", ki ɗauke ta ki juya. Duka ba ya koya masa komai sai cewa saboda ita ake dukansa, kin ga an ƙara wa wuta itace.

Fitsarin kwance kuwa, ki yi kamar ba ki gani ba. Yara da yawa ba sa riƙe fitsarin dare sai sun kai shekara huɗu ko biyar, naki ma da ya daina da wuri sa'a kika yi. Ki shimfiɗa leda ƙarƙashin zanin gado, ki kai shi fo kafin barci. Sai dai a garinku wannan yana da 'yar wutsiya. Ruwan da ke sauka a Libreville a shekara ya kusa milimita 3,000, ya ninka na Maraɗi wajen sau biyar, kuma daga Oktoba har Mayu shanya ba ta bushewa yadda kika saba. Akwai wani ƙuda a ƙasashen kurmi da ke yin ƙwai a kan ƙasa da tufafin da ke da warin fitsari ko gumi, tsutsarsa ta shiga fata ta yi kamar maruru. Kada ki shanya kayan yara a ƙasa ko kan ciyawa, kuma ki bi su da dutsen guga mai zafi ciki da bai, har zanin goyo.

Sauro ma haka. A Maraɗi da Katsina zazzaɓi yana da lokaci, shi ya sa ake bi gida-gida da damina ana ba yara maganin rigakafi wata-wata. A Gabon shekara yake yi ba hutu. Ku kwana cikin gidan sauro dukanku, kowane dare. Jaririyar da ba ta kai wata uku ba in jikinta ya yi zafi ya kai 38, ko ta ƙi kama nono, asibiti za ki nufa a lokacin, ko cibiyar lafiya ta unguwa ko asibitin uwa da yara na Jeanne Ebori, ba kantin magani ba. Kada a ba ta ruwa, ko zuma, ko jiƙo, nono kaɗai har wata shida. Lokacin allurarta ta mako shida ya riga ya yi, in ba a yi ba ki je cikin satin nan, saura ta mako 10 da ta mako 14, sai ta ƙyanda da shawara a wata tara. Ki tafi da katin yayan ma a duba.

Waya kuma, na san ita ce mai renon da ba ta gajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a gaban allo a yini. Ba zan ce ki hana shi gaba ɗaya ba, na san halin da kike ciki. Amma rabin wannan awar ki kira masa Hajiya a bidiyo ta yi masa wasan jika da kaka. Faransanci zai same shi a titi da makaranta ko kin so ko ba ki so ba, Hausa ce sai an ba shi a baki.

Kin ce kin zauna kina kuka. Kuka ɗaya bayan tsoro irin wannan ba komai ba ne. Amma in kin ga kullum ne, barci ba ya zuwa ko yara sun yi barci, abinci ba ya shiga, ko kina jin ba ki son ɗaukar yarinyar, ki faɗa wa likita ko ungozomar asibiti, ciwo ne da ke kama masu jego da yawa kuma ana maganinsa. Haka in ƙafafunki na kumbura ko numfashi na yi miki wuya in kin kwanta. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga matanmu bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin jego. In kina shan kanwa har yanzu, arba'in ta wuce, ki ajiye.

Ga Hajiya kuwa, kada amsar ta fito daga bakinki. Ɗanta ne zai kira ta, ya yi godiya, ya ce yaron yana buƙatar ya saba da ƙanwarsa tukuna, amma in ruwa ya ɗauke a watan Yuni, yarinya ta yi ƙwari, za ku zo gaba ɗaya ku yi mata wata biyu in hali ya yi. In kuma akwai kuɗin da za a kashe wajen kai yaro Maraɗi, a tambaye ta ko za ta yarda a kashe su wajen kawo ta Libreville, ko a turo wata gwaggo da ta saki hannu ta zauna da ku zuwa lokacin.