Yadda Ake Tafiyar da Sufuri a Birnin Landan

Kafin shekarar 1933 kamfanoni barkatai ke ɗaukar mutane a Birnin Landan, har masu motocin safa kan yi tsere a titi don ƙwace fasinja. A wannan shekara aka haɗa motocin da jiragen ƙarƙashin ƙasa a hannun hukuma guda.

Hukumar da ke riƙe da aikin yanzu, watau Transport for London, an kafa ta a 2000. Magajin Gari, wanda jama'a ke zaɓa, shi ne shugaban majalisarta, shi ke yanke kuɗin shiga. Kwamishina ke lura da aikin yau da kullum.

Jiragen ƙarƙashin ƙasa, layi 11, hukuma ke tafiyar da su da kanta. Motocin safa kuwa kwangila ake bai wa kamfanoni, amma hukuma ke zana hanya, ta tsai da lokaci, ta karɓi kuɗin fasinja. Kamfanin da ya kiyaye lokaci a ƙara masa, wanda ya saɓa a rage masa.

To, hakimai da malamai, ga abin lura: ana iya ba ɗan kwangila aiki, amma in motoci suka makara, Magajin Gari jama'a za su tuhuma ranar zaɓe.