Amsar Tambaya: Bangon da Ke Sake Tsagewa

Wani magidanci daga Gwantu ya koka cewa duk shekara yana toshe tsagar bangonsa da siminti, damina na wucewa ta sake buɗewa. Yana tsoron irin girgizar ƙasar da ta tsattsaga gidaje a Kwoi a Satumban 2016.

Da wuya ita ce. Yawanci ƙasa mai laka ce ke kumbura da damina, ta tsuke da rani, fandisho ya motsa. Don haka sai magidancin ya fara duba inda ruwan kwano ke zuba, kada ya zama a gindin bangon yake taruwa.

Sannan ya ja layi da fensir a ƙarshen tsagar, ya rubuta kwanan wata. In ta zarce layin, ko ƙofa ta fara cijewa, aikin ya fi ƙarfin magini, sai ya nemo injiniya kafin ruwa ya sauka.