Fadama da Tsuntsayenta: Jan Hankali ga Mutanen Gabukka

Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa mazaunin Gabukka da zancen fadama da tsuntsayen ruwa? To, ya kai mai karatu, ruwan famfon da ake rabawa a garin Gombe daga madatsar Dadin Kowa yake zuwa, wadda aka kammala a 1984 a kan kogin Gongola. Kifin da uwargida ke sayowa da shinkafar rani, da yawansu daga can suke. Lafiyar bakin ruwan nan kuwa, tsuntsu ne ke fara ba da labarinta. In ka ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya cikin ruwa iya gwiwa, ya ƙura ido bai motsi, akwai kifi a wurin. Ran da ya ƙaurace, masunci ya fara shirin bin bayansa.

Mu dubi abin da ya sami 'yan'uwanmu na Hadeja da Nguru. Fadamarsu kan karɓi tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai kowace shekara, har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo Dagona kallonsu a 1989. Amma da aka tare ruwan da ke gangaro musu a Tiga a 1974, aka kuma tare a Challawa a 1992, sai ambaliyar damina ta ragu, ruwa ya koma kwanciya rani da damina a wasu wurare. Nan ciyawar kacala ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, jirgin masunci ya rasa mashiga. Abin haushi, tsuntsun jan baki ya mayar da ita masauki, daga nan yake tashi ya faɗa wa gero da shinkafa.

Hukuma da ƙungiyoyin waje sun fara aikin kare wannan fadama tun 1987, a 2000 kuma aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin Ramsar na dausayin duniya. Sai dai takarda ba ta sare ciyawa. Inda aka ga ruwa ya koma hanyarsa, gayya ce ta yi aikin: ƙauyuka suka fito da lauje da adda, masunci da manomi da makiyayi kafaɗa da kafaɗa, dagaci da sarkin ruwa na gaba. Mutanen da suka saba haɗuwa a gaban alƙali, ga su sun haɗu cikin taɓo.

Gauraka mai tukku, da kakanninmu suka saba gani a fadamu, yau da wuya ka gan shi a ƙasar nan. Kamu da sayarwa da bushewar dausayi suka ƙarar da shi. Kada mu bari shamuwa mai cinye mana fara ta bi sahunsa.

Rabon mai zama a unguwa kuwa ba shi da wahala. A daina zuba shara da leda cikin kwalbati da kwari, domin ruwan sama gangarawa yake da su rafi. Itacen da aka dasa a shirin Gombe Goes Green tun 2019, wanda ke ƙofar gidanka kai za ka ba shi ruwa, ka kare shi daga awaki. Iyaye su karɓe danƙo daga hannun yara, musamman farkon damina, lokacin da shamuwa ke ɗinka sheƙa. Malaman makaranta kuma su riƙe 2 ga Fabrairu, ranar dausayi ta duniya, su nemi mota su kai ɗalibai Dadin Kowa su ƙidaya tsuntsaye da idonsu.