Mu shirya karen farauta tun kafin a shiga daji

Ƴan uwa manoma da mafarauta, idan an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, hankalin samari da dama yakan koma ga farauta. Kare shi ne babban abokin wannan aiki. Amma duk tsawon damina karenmu yana kwance a gindin rumbu, ba ya gudu. Jikinsa ya yi nauyi, tafin ƙafarsa ya yi laushi. Idan muka kwashe shi haka zuwa daji, zai gaji tun hantsi, ko ya gurgunce, ko zafi ya kashe shi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mu fara shiri sati 6 kafin ranar fita.

Aikin farko: allurar rigakafi

Ciwon haukar kare shi ne babban haɗari. Karen farauta yana gamuwa da dila, da wasu namun daji, da karnukan wasu garuruwa. Cizo ɗaya ya isa ya ɗauko ciwon, ya kawo shi cikin gida. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya. Kusan dukansu kare ne ya cije su. Idan alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, babu magani.

Saboda haka mu kai karenmu wurin likitan dabbobi a yi masa allura. Ana yi wa kwikwiyo tun yana da wata 3, kuma a sake a lokacin da likita ya faɗa. A yi allurar wata guda kafin farauta, domin jiki yana bukatar lokaci kafin rigakafin ya kama. Mu adana takardar da aka ba mu.

Idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabuni har minti 15. Sannan a tafi gidan likita a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. A ɗaure karen, a sa masa ido kwana 10, a kuma sanar da likitan dabbobi.

Tsutsar ciki da kaska

Kare mai tsutsar ciki yana ci amma ba ya ƙarfi. Gashinsa yakan bushe, jininsa ya ragu. Likitan dabbobi yana da maganin tsutsa, yana bayar da shi daidai da nauyin kare. Mu duba cikin kunne, da wuya, da tsakanin yatsu, mu cire kaska, mu ƙone ta. Kada mu shafa wa kare maganin ƙwarin gona, guba ne gare shi da yaran da ke taɓa shi. Kada kuma mu ba shi ƙwayar ciwon kai ta mutane, tana iya lalata masa hanta.

Abinci da ruwa

Ƙanzo da dusa kaɗai ba su isa ga kare mai gudu ba. Tuwo yana ba shi ƙarfi, amma nama, da kifi, da nono, da dafaffen wake su ne ke gina jiki. Mu dafa kayan ciki kafin mu ba shi. Hanta ko huhu mai ƙullutun ruwa, kada a jefa wa kare. A ƙone su ko a binne da zurfi, domin tsutsar da ke ciki tana bi ta kashin kare ta kama mutum. Kada a ba shi dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke hanji.

Yaya za mu san jikinsa ya yi daidai? Mu shafa haƙarƙarinsa. Idan ba mu ji ƙashi ba, ƙiba ta yi yawa. Karen Azawak, na arewacin Tawa, siriri ne tun asali, ganin haƙarƙarinsa ba rama ba ne. Amma idan cinya ta zube, kare ba ya son tashi, to, yunwa ce ko ciwo.

Kare mai kilo 20 yana shan ruwa fiye da lita ɗaya a yini. Ranar gudu yana bukatar fiye da haka. Kaskon ruwansa ya zauna a inuwa, a wanke shi kullum. Babban abinci kuwa sai da marece, bayan ya huta. Gudu da cikakken ciki yana cutar da kare.

Horo sannu a hankali

Sannu ba ta hana zuwa. Ga yadda za mu raba satin 6:

Sati na 1 da na 2: tafiyar ƙafa da sassafe, kilomita 2 zuwa 3.

Sati na 3 da na 4: ya bi jaki ko keke da sassarfa, har kilomita 5.

Sati na 5 da na 6: gajeren gudu mai ƙarfi, a huta, a sake. Wata rana cikin rairayi, wata rana kan fako, domin tafin ƙafa ya yi kauri.

A bar masa kwana ɗaya na hutu kowane sati. Bayan kowace fita mu duba ƙafafunsa, mu cire ƙarangiya da tsidau da ƙaya. Idan yana ɗingishi, a dakata har ya warke. Kwikwiyon da bai cika shekara ba, ƙashinsa bai ƙosa ba. Karya mai ciki ko mai shayarwa ita ma a bar ta a gida.

A lokacin horon ne za mu koya masa ya amsa kira, ya kuma bar awaki da tumakin mutane. Karen da ya kama akuyar makiyayi ya jawo wa mai shi biya da rigima.

Mu kiyayi zafi

Kare ba ya zufa kamar mutum. Da haki yake fitar da zafin jikinsa. Idan muka ga harshe ya zazzago, yawu yana dalala, kare yana tangaɗi, zafi ya kama shi. A kai shi inuwa nan take. A zuba masa ruwa a wuya da ciki da ƙafafu, a ba shi kaɗan kaɗan ya sha. Wanda zai fita da kare, ya ɗauki goran ruwa na mutum biyu.

Mu bi doka

A ƙasarmu Nijar, dokar ranar 29 ga watan Afrilu 1998 ta tsara farauta da kiyaye namun daji. Hukuma ce ke buɗe lokacin farauta, ita ce ke rufewa. Akwai dabbobin da aka hana taɓawa, kamar raƙumin dawa na yankin Kure. Mu tambayi ma'aikatan gandun daji kafin mu fita. Kada mu sa wa daji wuta don korar zomo, domin ciyawar da ta ƙone abincin dabbobinmu ce ta rani.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Sati nawa kafin farauta za mu fara shirya kare?
2. Me za mu yi idan kare ya ciji yaro?
3. Waɗanne alamu ke nuna zafi ya kama kare?
4. Karnuka nawa aka yi wa allura a garinmu bana?