Darasi: Murya da Motsin Jiki

Karatu: Ayyukan Manzanni 21:10-14.

A birnin Kano, in azumi ya kwana 10, yara sukan fita tashe. Yaro ya manna gemun auduga, ya ranƙwafa bisa sanda, yana tari, muryarsa na rawa. Tun bai faɗi kome ba, 'yan kallo sun fara dariya.

Agabas ma da jiki ya fara a Kaisariya. Ya ɗauki ɗamarar Bulus, ya ɗaure nasa hannuwa da ƙafafu, sa'an nan ya yi magana. 'Yan'uwa suka yi kuka.

Ku lura, ku masu shirya wasan Kirsimati. Bara Hirudus namu ya dinga tsalle yana zare ido, jama'a na ta dariya, alhali kuwa kisan jarirai yake umurta. Bana a koya masa ya zauna shiru, ya sassauta murya, ya furta umurnin sannu a hankali.